Kasuwa ta cinye mini yini, yaushe zan zauna in yi wa kaina hisabi?

Wani ɗan'uwa da ke sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko mini da tambaya. Ya ce a Rijiyar Lemo yake zaune, yakan bar gida da hantsi bayan ya sauke yara a makaranta, kuma ba ya komawa sai bayan Magariba, wata rana ma sai an yi Isha. Ya sha jin malamai suna kwaɗaitarwa a kan muhasaba, wato mutum ya zauna kullum ya binciki kansa, ya kuma gwada sau da dama, amma da zarar ya kwanta zai fara sai barci ya kwashe shi, in kuwa barcin bai zo ba sai tunanin ya rikiɗe ya koma lissafin bashi da kuɗin kaya. Yana so ya san inda mutum irinsa zai samo lokacin, da kuma abin da zai yi a cikinsa idan ya samu.

Alhaji, Allah ya yi wa nema albarka, ya kuma saka maka da alheri da wannan al'amari ya dame ka, domin da yawa daga cikinmu shekara takan zagayo ba mu tsaya mun tambayi kanmu ina aka kwana ba. Na daɗe ina karantar da magidanta a makarantar dare a cikin birni, mafi yawansu 'yan kasuwa ne daga Kwari da Singa da Kurmi da Ƙofar Wambai, kuma wannan koke naka na ji shi daga bakuna masu yawa. Mai yin sa gaskiya yake faɗa idan ya ce yininsa a cike yake. Kuskurensa ɗaya ne, yana jiran wata sa'a da za ta zo masa gida shiru, waya shiru, babu baƙo a soro, kuma jiki da sauran ƙarfi. Ga magidanci a Kano mai shago da iyali da dangi da maƙwabta, ga ɗaurin aure ga gaisuwar mutuwa ga suna, wannan sa'a ba za ta zo ba, kuma wanda ya ce sai ta zo zai fara, furfura za ta riske shi yana jira.

Bari in fara da abin da ka fi ni sani. Duk ranar Allah, komai cikar kasuwa, ko da jajiberin Sallah ne da ba ka samu ka sa komai a bakinka ba, ba ka taɓa jan ƙofar shago ka kulle ba tare da ka yi lissafi ba. Yaron shago yana ninke turamen da aka baje wa masu saye yana mayar da su kan kanta, kai kuma kana zaune da littafi a cinya, kana duba alat a waya kana gwada shi da abin da aka rubuta, kana ware kuɗin mai kaya, kana ja wa sunan wanda ya biya bashi layi, kana ƙara sunan wanda ya ɗauki bandir biyu zuwa mako mai zuwa. Idan naira dubu biyar ta ɓace a lissafin ba za ka tashi ba sai ka gano inda ta shiga. Babu wanda ya taɓa jin ka ce yau ba ka da lokacin lissafi, saboda ka tabbata shagon da ba a lissafinsa karyewa zai yi, sannan kuma lissafin yana da gurbinsa da ba ya gusawa, tsakanin tafiyar mai saye na ƙarshe da ɗaura kwaɗo. Ka ɗaure shi ne a jikin wani abu da dole ka yi shi kowace rana, shi ya sa bai taɓa kuɓuce maka ba. Haka nake so ka yi wa muhasaba.

Wannan misali ba ni na ƙirƙire shi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan muraƙaba, wato sa wa kai ido, da muhasaba, kuma da harshen 'yan kasuwa ya gina shi. Ya kamanta mutum da zuciyarsa da ɗan kasuwa da abokin tarayyarsa: da farko yakan gindaya masa sharaɗi, sannan ya sa masa ido yayin da ake ciniki, sannan ya zaunar da shi su yi lissafi. A wannan lissafi farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli su ne riba, saɓo kuma shi ne asara. Tushen maganar yana cikin aya ta 18 a Suratul Hashri, inda Allah Maɗaukaki ya umarci muminai da taƙawa, kuma kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, da kuma maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Abin lura a tsarin Imam Gazali shi ne ya sanya sharaɗi da safe, lissafi a ƙarshen yini, kuma duka biyun ya jingina su da lokutan da Musulmi ya riga ya saba tsayawa a cikinsu.

Saboda haka gurbi na farko da nake ba ka shawara a kai shi ne bayan sallame sallar Asuba. A nan Kano, tsakanin sallamar liman da fitowar rana akan samu rabin awa ko fiye, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zauna a wurin sallarsa bayan Asuba har rana ta fito. Ban ce ka ɗauki rabin awar duka ba. Idan ka gama azkar ko lazimin da ka saba, ka ƙara minti biyar kacal kafin ka miƙe, ka hango yinin da ke gabanka, ka tambayi kanka inda kake tsoron zamewa yau. Wataƙila akwai wanda zai zo karɓar kuɗinsa kuma ka san zuciyarka na raya maka ka ce ya dawo jibi alhali kuɗin suna nan, ko akwai dillalin da kullum sai ya fusata ka. Abu ɗaya za ka ɗauka ka ƙulla niyya a kansa, domin wanda ya gindaya wa kansa sharuɗɗa goma da asuba ba ya kaiwa Azahar da ko ɗaya.

Gurbi na biyu shi ne ya fi muhimmanci, kuma a nan ne na ga inda ƙoƙarinka ya lalace. Ka ce kana yin sa ne idan ka kwanta. Alhaji, mutumin da ya yini a tsaye a Kwari, ya sha hayaniya da zafi, ya ratsa cunkoson titin Katsina ta Kurna, ya ci tuwo ya miƙe a kan katifa, babu abin da ya rage a jikinsa sai barci, kuma barcin haƙƙinsa ne. Ba raunin imani ne ya sa barci ke ɗauke ka ba, wurin ne bai dace ba. Ka mayar da zaman zuwa bayan sallar Isha, kana zaune, da alwalarka, kafin ka ci abincin dare idan da hali. Idan ka idar da shafa'i da wuturi, ka ja gefe ka jingina da bango ka ba kanka minti goma. Da na safe da na dare minti 15 ke nan, daga cikin minti 1,440 da ke cikin dare da yini, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Amma idan ka riƙe su shekara guda sun haura awa 90, kuma ban san magidanci da yawa a garin nan da suke samun awa 90 su kaɗai da zuciyarsu a shekara ba.

Akwai dalilin da ya sa na nace a kan sallaya, kuma dalili ne da ya shafi yadda muke zaune. A wurinmu duk wanda aka gani zaune shi kaɗai ya yi shiru, sai an zo an tambaye shi, "Alhaji, lafiya? Tunanin me kake yi?" Wannan kulawa ce, kuma alheri ce da bai kamata mu raina ba, sai dai ta sa kaɗaici ya yi tsada. Amma mutumin da ke kan sallaya yana fuskantar alƙibla da carbi a hannu, ko ƙaramin yaro ya san ba a yi masa magana sai ya shafa. Al'ada ta riga ta gina maka katanga a wannan wuri ɗaya, sai ka shiga cikinta. Idan masallacin unguwarku ana rufe shi da wuri kuma ba ka son tsayar da ladan, ka shimfiɗa sallaya a soro. Ina da ɗalibi da yake yin nasa a cikin mota a ƙofar gida, ya kashe inji ya sauke gilashi ya zauna minti goma kafin ya yi sallama, kuma ya shaida mini cewa iyalinsa ne suka fara lura da bambancin, domin ya daina shigar musu da fushin kasuwa.

Abubuwa biyu ne za su yi maka takara a kan wannan minti goma, majalisa da waya. Majalisa ba na goyon bayan ka bar ta, domin a can ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, a can ake haɗa gudummawa, kuma wanda ya janye daga mutane da sunan gyaran zuciya sau da yawa girman kai ne yake shigarsa ta bayan gida. Ka je a makare da minti goma, babu abin da zai wuce ka. Waya kuwa sai ka yi mata da gaske. Yawancin wayoyin zamani suna da wurin da ke nuna awannin da mutum ya yi a kan WhatsApp da Facebook da TikTok a kowace rana, ka buɗe shi yau ka gani da idonka. Na sha sa ɗalibai su duba a gabana, kuma wanda ya rantse ba shi da minti goma sai ya yi shiru. Na san cinikinka da yawa ta waya yake zuwa, masu saye daga Maiduguri da Yamai suna turo saƙo har dare, to amma babu cinikin da zai watse don an jinkirta amsa na minti goma. Ka bar ta a aljihu a kulle, kada ma ka ajiye ta a gabanka a kife, domin haskenta kaɗai ya isa ya ɗauke maka hankali. Manzon Allah ya ambaci ni'imomi biyu da mutane da yawa suke yin asara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci, kuma a zamaninmu mafi yawan wannan sarari ta tafin hannu yake zurarewa.

Sai kuma abin da za ka yi idan ka zauna. Kada ka fara da tambaya mai faɗi irin wane irin mutum ne ni, domin ba ta da bakin zare. Ka bi yinin kamar yadda kake bin littafin shago, shafi bayan shafi, ka sa salloli su zama iyakokinka: daga Asuba zuwa Azahar me ya faru, daga Azahar zuwa La'asar da wa na yi magana, har ka iso inda kake zaune. Ka fara da uwar kuɗi, wato sallolin kansu, a kan lokaci ka yi su ko sai da mai saye ya tafi. Daga nan ka dubi harshe, domin a kasuwa shi ne ƙofar da asara ta fi shigowa. Sau nawa ka ce wallahi ba haka ka sayo ba? Ya zo a Buhari da Muslim cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka, kuma mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe ta. To turmin nan da ka san kalarsa tana zuba, ka faɗa wa matar da ta saya don kayan lefen ɗanta? Ɗan dakon da ya ɗauko dila tun daga bakin titi, abin da ka ba shi ya yi daidai da guminsa? Yaron shago da ka yi wa tsawa a gaban mutane, laifin nasa ya kai haka? Kwana nawa rabonka da ka leƙa Hajiya, ko ka zauna ka saurari uwargida ba tare da waya a hannunka ba?

Na fi jan hankali a kan haƙƙin mutane saboda shi ne wanda istigfari kaɗai ba ya wanke shi. Ka san hadisin da Manzon Allah ya tambayi sahabbai wane ne wanda ya karye, suka ce wanda ba shi da dirhami ba shi da kaya, sai ya ce shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su har ya ƙare. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ma'anar karyewa. Ni kaina na ga amfanin wannan zama a wata rana da ba na mantawa. Wani ɗalibi ya shigo karatu a makare kwana uku a jere, na faɗa masa magana mai zafi a gaban 'yan'uwansa, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Da na zauna bayan Isha ina bin yinin, sai fuskarsa ta tsaya mini, na tuna ban tambaye shi dalili ba. Washegari na tambaya, ashe mahaifinsa ne yake jinya a asibiti, daga can yake tahowa. Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na yi masa faɗa a gabansu. Da ban zauna a daren nan ba, da na wuce ina ganin na yi tarbiyya, domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

Kada kuma lissafin ya zama na asara kaɗai. Ka tuna alherin da Allah ya nufe ka da yi da wanda aka yi maka, ka gode masa, domin zuciyar da kullum zargi take sha takan gaji ta daina zuwa wurin lissafin. Sannan ka rufe zaman da abu ɗaya da za ka aikata gobe, da sunan mutumin da lokacin: gobe kafin Azahar zan tura wa wane kuɗinsa. Ka nemi gafara, ka shafa, ka tashi.

Wannan rufewa ita ce maganin ɗayan matsalar da ka ambata, ta rikiɗewar tunani zuwa bashi da kuɗin kaya. Akwai bambanci babba tsakanin muhasaba da saƙe-saƙe. Muhasaba tana da farko da ƙarshe, tana tambayar me ya faru da me zan yi, kuma mutum yakan tashi daga gare ta da sauƙi a ƙirji ko da ya ga laifinsa. Saƙe-saƙe kuwa zagaye yake yi a wuri ɗaya, me ya sa ni, me ya sa kullum haka, kuma masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano cewa irin wannan juya damuwa yana ƙara baƙin ciki ne. Idan tunanin kasuwa ya kutso, ka rubuta shi a layi ɗaya ka ce masa sai gobe a shago. Saboda haka yana da kyau ka sami ɗan ƙaramin littafi na aljihu daban da na shago, ka riƙa rubuta abin da ka ƙudurta da boko ko da ajami, layi biyu sun isa. Kada ka rubuta zunubanka dalla-dalla, abin da Allah ya suturta ka bar shi a suturce, littafi kuma yana iya faɗawa hannun yaro. Idan kuwa ka ga baƙin ciki ya zauna maka fiye da mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga ranka, to wannan ya wuce batun muhasaba, ka ga likita. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Za ka tsallake wasu ranaku, wannan babu makawa. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, an bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi sabuwar ɗabi'a ya jingina ta da wani abu da yake yi kullum. A tsaka-tsaki sai da aka kai kwana 66 kafin ɗabi'ar ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254, kuma tsallake rana guda bai rushe abin da aka gina ba. Saboda haka ka ba kanka wata biyu zuwa uku kafin ka yanke hukuncin cewa ba za ka iya ba. Ni da na fara, awa guda na ɗaukar wa kaina kafin Asuba, ban kai mako biyu ba na ajiye, sai da na koma minti goma sannan abin ya zauna. A goman ƙarshe na azumi lokacin da Kwari ba ta da masaka tsinke, ko ranar da ka yi tafiyar sarin kaya, ka rage shi zuwa minti biyu da tambaya ɗaya, wa na zalunta yau, amma kada ka bar gurbin fanko, domin aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Ka tuna da uwargida a cikin wannan tsari. Yininta ya fi naka rashin iyaka, domin kai kana da ƙofar da kake kullewa, ita kuwa aikinta ba ya rufewa, kuma ko a kan sallaya take yaro zai hau bayanta. Idan ka shigo ka riƙe mata yaran minti goma ta samu nata zaman, ka yi sadaka da abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Idan zaman dare ya kama ƙasa, ka ƙara masa na mako. Ranar Juma'a ka yi sammakon masallaci da kamar minti 20 kafin liman ya hau mumbari, ka yi nafilarka, ka buɗe ɗan littafin nan ka karanta layukan kwana bakwai. Za ka ga wani suna yana maimaituwa, ko wani alƙawari da ka rubuta sau uku ba ka cika ba. Tunda dama Juma'a ranar zumunci ce a garin nan, idan aka sallame sai ka fara da gidan mai wannan sunan kafin ka wuce ko'ina.